Malam, A Waya Ina Gane Komai, A Ɗakin Jarrabawa Hannuna Ya Tsaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta jami'a, kuma cikin darussan da aka wajabta mana har da gabatarwar ilimin tattalin arziki. Ajinmu cike yake maƙil, malaminmu kuma yana da sauri, kafin in gama kwafe zane ɗaya ya goge ya shiga na gaba. Shi ya sa na koma intanet. Kusan kullum da dare ina kallon bidiyon darasi na awa biyu ko uku, kuma wallahi ina ganewa sarai. Aikin gida ma a shafin intanet ake ba mu, kowace tambaya da zaɓi huɗu, ana ba mutum damar gwadawa sau uku, ban taɓa samun ƙasa da 9 cikin 10 ba. Idan tambaya ta gagare ni sai in liƙa ta a manhajar ƙirƙirarriyar basira ta warware mini. To ga shi an yi mana gwajin tsakiyar zango, na ci 11 cikin 30. Da aka ce in zana abin da zai faru a kasuwa, hannuna ya tsaya cak kamar ban taɓa ganin zanen ba. Yayana ya ce wayar ce ta cuce ni, in ajiye ta in rungumi littafi. Ƙawata kuma ta ce in daina ɓata lokaci a lacca tunda ba na ganewa a can, in ƙara yawan bidiyo. Saura mako shida babbar jarrabawa. Malam, wanne zan bi? Ko dai ƙwaƙwalwata ce ba ta wannan darasin ba?

Wa alaikumus salam, 'yata.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau. Yarinyar da za ta zauna awa uku cikin dare tana bibiyar darasi, ba wanda ya sa ta, ba raguwa ba ce, ba kuma daƙiƙiya ba. Kin sha wahala ta gaske, sai dai wahalar ta tafi inda ladan bai taka kara ya karya ba. Na daɗe ina koyar da wannan darasi ga 'yan shekarar farko, kuma duk zango sai na ga irin fuskar da nake jin kin yi ranar da aka miƙo miki takardarki. Ni kaina abin ya taɓa cina ina ɗalibi, tun babu intanet. Na cika littafi guda da misalan da malami ya warware a allo, rubutu tsaf, zane da rula, ina bin su har na haddace shafukan. Ranar gwaji aka ɗan juya tambayar, na rasa ta inda zan kama. Cutar tsohuwa ce, waya dai ta sauƙaƙa kamuwa da ita.

Ki tuna mutumin da ake ɗauka a mota ana kai shi wani gida. Sau goma ya je yana kallon hanya ta taga, kowace kwana idan ya gan ta ya san ta. Ran da aka miƙa masa makulli aka ce ya kai kansa, a mararraba ta biyu yake tsayawa. Gane hanya idan an nuna maka daban, fito da ita daga kanka daban. Mai bidiyo shi ke tuƙi. Shi ya zaɓi layin da zai matsa, shi ya san dalili, ke kuma kina bayansa kina cewa "haka ne". Kuma kin gane ɗin da gaske, ba ƙarya kika yi ba. Amma gani ba ci ba ne. Jarrabawa ba ta tambayar ko kin yarda da zanen wani, farar takarda take ajiye miki.

Masana sun auna wannan abu. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wani rukuni ya yi zama huɗu yana karanta shi. Wani rukunin ya karanta a zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, waɗanda aka yi ta tatsa sun tuna kashi 61. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, da aka tambaye su kafin gwajin ko suna ganin za su tuna, masu maimaita karatun ne suka fi amincewa da kansu. Haka kika shiga ɗakin nan, zuciyarki a kwance, domin duk wata alama da ke hannunki tana ce miki kin shirya.

Bari mu gwada yanzu. Ɗauko takarda da biro. Kasuwar kekuna ce, sai aka ƙirƙiro wata na'ura da ta rage wa masana'antu kuɗin ƙera keke. Zana abin da zai faru da farashi da kuma yawan kekunan da za a sayar. Kada ki ci gaba da karatu sai kin zana.

Amsar da na fi samu daga ɗalibai ita ce: "Farashi zai sauka. Da ya sauka buƙata za ta ƙaru. Da buƙata ta ƙaru farashi zai sake hawa ya koma inda yake." Magana ce mai daɗin ji, kowace gaɓa kamar ta zauna, amma a tsakiya ta karye. Abin da ya sauya shi ne kuɗin ƙera keke, wannan kuwa lamarin masu sayarwa ne. Saboda haka layin samarwa, wato layin da ke nuna yawan kayan da masu sayarwa za su fito da shi a kowane farashi, shi ne yake matsawa dama: a kowane farashi, yanzu masana'antu sun yarda su fito da kekuna fiye da da. Layin buƙata, mai nuna yawan da mutane za su saya a kowane farashi, yana nan daram, domin ba abin da ya sauya a sha'awar mutane ko a aljihunsu. Za su sayi ƙarin kekuna, babu shakka, amma gangarowa suka yi a kan layin nan nasu na da zuwa farashi mai sauƙi. Sabuwar mahaɗar layukan biyu tana ƙasa kuma tana dama, farashi ya sauka, adadi ya ƙaru, magana ta ƙare a nan. Bambanci tsakanin matsawar layi ɗungurungum da tafiya a kan layi shi ne ramin da ya fi cinye 'yan shekarar farko. Mai bidiyo zai faɗe shi cikin daƙiƙa ashirin, ki ce kin ji. Ba ya zama a kai sai kin faɗa ramin da ƙafarki, an nuna miki, kin fito.

Yanzu ƙara wannan: a daidai lokacin kuma mutane suka ƙara sha'awar hawan keke don motsa jiki. Layuka biyu sun matsa dama tare. Adadi zai ƙaru, wannan a fili yake. Farashi fa? Ya danganta da wanda ya fi matsawa. Ki zana shi sau uku, sau ɗaya buƙata ta fi tafiya, sau ɗaya samarwa ta fi, sau ɗaya sun yi kunnen doki, ki ga farashin yana hawa, yana sauka, yana tsayawa. Daga irin nan muke ɗebo tambayoyinmu, domin tana raba wanda ya haddace hoto da wanda ya san abin da ke motsa hoton.

Idan kuma zanen kansa yana miki kamar an kifa shi, kina da hujja. A lissafi an koya miki cewa abin da ke jawo sauyi a layin kwance ake sa shi, a nan kuwa farashi yana tsaye, adadi yana kwance. Ɗabi'a ce da ta bazu daga Alfred Marshall na Jami'ar Cambridge a Ingila, tun littafinsa na 1890, aka kuma ci gaba da ita. Shi ne ma ya kamanta buƙata da samarwa da bakin almakashi guda biyu, ba a cewa wannan ne ya yanka takarda ban da wancan. Ki riƙe almakashin nan, zai hana ki bayanin farashi da layi ɗaya.

Sai maganar 9 cikin 10. 'Yata, makin nan bai gaya miki gaskiya ba, kuma za ki iya lissafa dalilin da kanki. Zaɓi huɗu, dama uku, kuma duk lokacin da kika kuskure an gaya miki. Ko wanda bai taɓa jin sunan darasin ba zai dace a uku cikin kowace tambaya huɗu da canki-canka kawai. Kashi 75 ke nan a ɓagas. Ki ɗora ɗan abin da kika sani, ki ɗora taimakon manhaja, ga 9 ta fito.

Ba kushe aikin gida na intanet nake yi ba. A ganina yana cikin mafi alherin abin da fasaha ta kawo wa wannan darasi. Paul Romer, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2018, yana koyarwa a Jami'ar Stanford ya ga ɗalibansa suna zuwa aji ba shiri, sai ya kafa kamfanin Aplia a 2000 domin a riƙa ba su tambayoyi a intanet, na'ura tana dubawa nan take. Dalilinsa yana nan har gobe. Malami ɗaya mai ɗaruruwan ɗalibai ba zai iya duba aikin kowa duk mako ba, in ma ya duba, kafin takarda ta dawo ɗalibi ya manta tunanin da ya kai shi ga amsar. Na'ura kuwa tana gaya miki kin kuskure tun tunanin yana da ɗumi a kanki. Wannan ni'ima ce babba ga wanda ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa. Wanda ya danna zaɓi na gaba kawai, ya zubar da ita.

Daga yau ki buɗe shafi a bayan littafinki, ki riƙa rubuta makin gwadawar farko kaɗai. Kafin ki taɓa komai, ki rufe zaɓuɓɓukan da hannu, ki warware a takarda, ki rubuta dalilinki a jimla ɗaya. Idan aka ce kin kuskure, kada ki sake dannawa sai kin gano inda tunaninki ya kauce, kin rubuta shi. Makin farkon zai iya zama 4 ko 5, kuma zai yi ciwo. Amma shi ne ɗan'uwan 11 ɗin nan, sai dai shi yana zuwa tun da sauran lokacin gyara.

Manhajar ƙirƙirarriyar basira kuwa, a nan na fi jin tsoro. An yi wani gwaji a wata makarantar sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan dubu, a darasin lissafi. Waɗanda aka ba manhajar babu wani shinge, makinsu na atisaye ya tashi da kashi 48. Da aka karɓe ta aka yi jarrabawa, sai suka yi ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Akwai rukuni na uku da aka saita wa manhajar ta riƙa yin hannunka-mai-sanda maimakon ba da amsa, su kam illar kusan ba ta taɓa su ba. Darasin lissafi ne, amma ki sake karanta wasiƙarki ki ga ko ba labarinki ba ne. Ban ce ki goge ta ba. Juya aikin za ki yi, ke ki yi bayani, ita ta yi tambaya. Rubuta mata amsarki da dalilinki, ki ce ta nuna miki inda ya yi rauni ba tare da ta ba ki amsa ba. Ki ce ta ƙirƙiro miki tambayoyi biyar a kan matsawar layuka, ta riƙe amsoshin sai kin gama. Kuma ki riƙa auna maganarta da littafinki, domin tana kuskure, kuma da murya ɗaya take faɗar daidai da ba daidai ba.

Ƙawarki tana ƙaunarki, amma kada ki bi shawararta. Wannan magana ta a bar aji a koma intanet an gwada ta a kan darasinku ɗin nan takamaimai, ba sau ɗaya ba. Wasu malamai uku na Jami'ar Connecticut sun raba ɗaliban gabatarwar tattalin arziki gida uku ta hanyar ƙuri'a: masu zuwa aji, masu intanet zalla, da masu haɗa biyun. Sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna 'yan intanet zalla sun yi ƙasa da 'yan aji da maki 5 zuwa 10 a jarrabawar ƙarshe, masu haɗawa kuwa ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu da 'yan aji ba. A 2020, lokacin annobar korona, kwalejin sojan Amurka ta West Point ta yi irin wannan rabo da ɗalibai sama da 500 a darasin tattalin arziki, malamai ɗaya, jarrabawa ɗaya. Nan ma 'yan intanet ne a baya, kuma giɓin ya fi faɗi a wajen ɗaliban da dama can suke tangal-tangal. Ki tsaya a kan wannan na ƙarshen. Ɗalibin da ya fi jin kamar ya gudu daga aji, shi gudun ya fi cutarwa, domin aji yana ba shi lokaci tsayayye da ba ya jiran sai ya ga dama, da mutanen da zai juya ya tambaya, da kuma mutumin da zai rubuta jarrabawarsa.

Matsalarki da lacca ta gaske ce, kuma tana da magani. Kina shiga aji ne ba ki taɓa jin batun ba, ga ki kina kokawar ji da kwafa a lokaci guda. Ki duba tsarin darasi ki ga batun gobe, ki kalli bidiyo ɗaya a kansa daren yau, na minti goma. Gobe idan malam ya fara zane kin riga kin san inda ya dosa, sai ki sassauta kwafa ki saurari dalilan da yake bayarwa da kalmomin da yake nanatawa. Zanen yana cikin littafi, ba zai gudu ba. Abin da ba ya cikin littafi shi ne inda shi malamin ya fi ɗora nauyi. Kuma ki daure ki same shi, ko mataimakinsa, a lokacin da ya ware wa ɗalibai, da takardar gwajinki a hannu. Kada ki ce masa "ban gane komai ba", ba zai san ta inda zai kama ki ba. Ki ce, "Malam, a tambaya ta uku na matsar da layin buƙata, me ya sa ba shi ba ne?" Matambayi ba ya ɓata, kuma irin wannan tambaya faranta ran malami take yi.

Yayanki ya fi kusa da gaskiya, ko da yake shi ma ya zarce. Wayar da kike karatu da ita, ita ce dai mai kawo saƙon ƙawaye, kuma bidiyo yana ƙarewa wani yana buɗe kansa. Awa ukun nan, ki tambayi kanki tsakani da Allah nawa ne a ciki karatu. Amma ajiye intanet gaba ɗaya asara ce, domin tana yi wa ɗalibin tattalin arziki abubuwan da littafi ba zai iya ba.

Ɗaya kin riga kin san shi, maɓallin tsayarwa. Malam ba ya tsayawa, bidiyo yana tsayawa. Sai dai ki tsayar da shi inda ya kamata: da zarar mai bayani ya faɗi abin da ya faru a kasuwa, kafin ya taɓa layi, ki tsayar, ki zana naki, sannan ki sake shi ki ga ko kun haɗu. Minti goma a haka sun fi awa uku na kallo. Khan Academy da Marginal Revolution University, wadda Tyler Cowen da Alex Tabarrok na Jami'ar George Mason suka fara a 2012, duk suna da gajerun bidiyoyi tare da tambayoyin atisaye, kyauta. Tambayoyin su ne ainihin kayan, yawancin ɗalibai kuwa tsallake su suke yi. Idan littafi kike nema, OpenStax na Jami'ar Rice da CORE Econ suna da cikakkun littattafai da ba a biyan komai. MIT OpenCourseWare, taskar darussa ta jami'ar MIT da ke Amurka, tana ajiye tsofaffin jarrabawoyi da amsoshinsu, sai dai lissafinsu yana da zurfi, kada ya firgita ki. Ki zaɓi ɗaya ko biyu ki tsaya a kansu. Yawo daga wannan malami zuwa wancan, kowa da haruffansa da salon zanensa, ruɗani kawai yake ƙarawa.

Wanda na fi so kuwa shi ne wasan kasuwa. Tun a shekarun 1940 Edward Chamberlin yake raba wa ɗalibansa a Harvard katuna, wasu masu saye, wasu masu sayarwa, kowa da iyakar farashinsa a ɓoye, ya ce su yi ciniki. Cikin waɗanda suka zauna a ajinsa daga baya akwai Vernon Smith, wanda ya gyara tsarin, aka riƙa kiran tayi a fili kowa yana ji, ana maimaitawa zagaye bayan zagaye. Abin da ya fito ya ba shi kansa mamaki. Mutane ƙalilan, babu wanda ya san layin buƙata ko na samarwa, kowa ribarsa kawai yake nema, amma farashi yana ta matsowa har ya zauna kusa da mahaɗar da zane ya nuna. Ya wallafa wannan a 1962, ya kuma sami Nobel a 2002. Yau ana yin wasan ta waya da kwamfuta a shafuka irin su Veconlab na Charles Holt a Jami'ar Virginia. Malami ne yake buɗe shi, don haka ku haɗu ku roƙi naku. In bai sami dama ba, ku goma da 'yan katuna kun isa. Ɗalibin da ya taɓa riƙe kati yana ƙin sayarwa, ya ga ciniki ya wuce shi saboda ya tsauwala, ba ya sake kallon mahaɗar nan a matsayin ɗigon tawada.

Idan kun shiga ɓangaren tattalin arzikin ƙasa gaba ɗaya, ki leƙa alƙaluma na gaske. Shafin FRED na reshen babban bankin Amurka da ke St. Louis kyauta ne. Buɗe hauhawar farashi a Amurka ki ga ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, ki ɗora kuɗin ruwan babban bankin a kai ki ga yadda aka ɗaga shi daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi. Sannan ki rufe shafin, ki yi wa kanki bayani da baki me ya sa babban banki zai yi haka, kuma wa abin zai taɓa.

Mako shida sun isa in aka fara yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyun farko na takardar gwajinki ne. Sake warware kowace tambaya, ki ware kurakuran, wanne rashin sanin ma'ana ne, wanne na zane, wanne na lissafi. Da wuya maki 19 ɗin da suka zube su zama daga wurare 19 suka zube, yawanci ramuka uku ne ko huɗu. Daga nan awa ɗaya da rabi kullum ta isa, amma kashi biyu cikin uku na lokacin biro yana hannunki, waya tana kife. Kowane zama ki fara da farar takarda, ki zana abin da kika koya shekaranjiya ba tare da kin duba ba, domin abin da aka bari ya ɗan kwana sannan aka tono shi ya fi zama. Ki gauraya tambayoyi, kada ki yi ashirin iri ɗaya a jere, tunda jarrabawa ba ta sanar da babin da tambaya ta fito. Ƙawar nan taki ki mai da ita abokiyar aiki. Sau biyu a mako ku zauna, ke ki koya mata haraji a kan kaya da wanda nauyinsa yake komawa kansa, ita ta koya miki ilastisiti, wato gwargwadon yadda saye ko sayarwa ke sauyawa idan farashi ya sauya, kowacce ta yi ta yi wa 'yar'uwarta "me ya sa" har sai an kai ƙasa. Makonni biyun ƙarshe kuma na tsofaffin takardun jarrabawa ne, da agogo a gabanki, ba littafi, ba waya.

Ina gaya miki tun yanzu, makon farko ba zai yi daɗi ba. Za ki ji kamar kin koma baya, za ki yi kewar daren nan da komai yake shiga kamar ruwa. Ranar da kika zauna minti goma gaban farar takarda kina cizon biro, kada ki ɗauka cutar ce ta dawo. Tsayawar hannun da ta same ki a ɗakin gwaji ce kike biya tun a ɗakinki, inda ba a ɗebe maki.

Bayan mako biyu ki sake rubuto mini. Kada ki turo makin da shafin ya nuna, na bayan littafinki nake so in gani, tare da zanen kekunan nan guda uku. Ki gaishe da yayanki. Allah ya ba da sa'a.